Kafin ka sayi sabon inji: matakan rage ɓarna da gyara inganci a kamfanin casar shinkafa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga masu ƙananan masana'antu, musamman masu injin casar shinkafa na wajen Kura da na Sharaɗa da Challawa a Kano. Inji na juyawa, ma'aikata na zuwa, janareta na shan man gas kamar raƙumi ya samu rijiya, amma in an zauna lissafi a ƙarshen wata sai a ga babu abin kirki. Daga ina za a fara gyara? Yawancin masu tambayar ma sun riga sun yanke wa kansu amsa: a sayo sabon inji, ko a sa kyamara a kama ɓarayi. Ni kuwa a wurina sayen inji shi ne mataki na ƙarshe, kuma duk wanda ya fara da shi yakan ƙara wa ɓarnarsa gudu ne kawai.

Da shinkafa zan yi misali, amma mai ruwan leda, da mai matsar man gyaɗa, da mai ɗinkin takalma, kowa zai ga kansa a ciki. Kayan da za ka tanada na farko ba su da tsada: littafin rubutu mai kauri, allo da alli ko alƙalamin allo, fenti ja da rawaya, agogon da ke cikin wayarka, da sikeli mai lamba wanda ka tabbatar da gaskiyarsa. Abu ɗaya da zai ɗan taɓa aljihu shi ne na'urar auna laimar hatsi, ita ma kuɗinta bai kai na gyaran janareta sau ɗaya ba.

1. Tsaya ka kalla, mako guda

Taiichi Ohno, mutumin da ya gina tsarin aikin kamfanin Toyota a Japan, yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta ya tsayar da injiniya a ciki, ya ce ya yi ta kallo har sai ya ga ɓarna da idonsa. Kai ma haka za ka yi. Bar ofis, nemi wurin da za ka hango daga inda ake zuba shanshera zuwa inda ake ɗinke buhu, ka tsaya awa biyu kowace rana da littafinka.

Ɓarna iri bakwai Ohno ya lissafa, su za ka nema: yin kaya fiye da abin da aka yi oda, zaman jira, yawo da kaya daga kusurwa zuwa kusurwa, aikin da mai saye bai nema ba, tarin kayan da ke kwance, kai-komon ma'aikaci ba dalili, da kayan da suka lalace sai an sake. A injin shinkafa wadda ta fi yawa ita ce jira. Ana jiran wuta, ana jiran buhu, ana jiran makanike, ana jiran mai riƙe da mabuɗin sito ya dawo daga kasuwa.

Na taɓa tsayawa haka a wani kamfani da ba zan ambata ba. Bel ya saki da misalin ƙarfe goma. Ɗaure shi bai fi aikin minti biyar ba, amma sai da aka yi minti 35 ana neman sifana mai lamba 17, janareta na ta ruri, leburori tara na zaune kan buhuna. A ƙarshe a aljihun wani yaro aka same ta, ya ara jiya ya gyara babur ɗinsa. Da na gaya wa mai wurin, cewa ya yi shi bai taɓa sanin ana irin wannan ba, alhali kusan kullum ake yi.

Gargaɗi: a wannan makon kada ka yi wa kowa faɗa, kada ka gyara komai. Kana buɗe baki da tsawa, gobe kowa zai yi maka aikin ganin ido, ka tashi a tutar babu.

2. Auna abu huɗu kullum

Na farko, nauyin shansherar da ta shiga da nauyin shinkafar da ta fito. A kilo 100 na shanshera mai kyau, kusan kilo 20 buntu ne, 8 zuwa 12 dusa, ragowar 68 zuwa 72 shinkafa. In kana samun 58 ko 60, to kilo goma na salwanta a wani wuri: ko an sayar maka da jiƙaƙƙiyar shanshera mai ƙasa da tsakuwa, ko injin na turo shinkafa cikin dusa, ko tana zuba a ƙasa ana tattakewa.

Na biyu, yawan karyayyiya. Ɗebi giram 100 daga abin da ke fitowa, ka ware lafiyayyiyar ƙwaya da karyayyiya a faranti, ka auna. Sau uku a rana ya isa.

Na uku, mintunan da inji ya tsaya da dalilin kowace tsayawa. Na huɗu, litar man gas da aka ƙona a kan kowane tan.

Da waɗannan za ka iya fitar da lamba ɗaya da za ta nuna maka ainihin ƙarfin da kake mora daga injinka. A ce aikin yini awa 8 ne, ka cire awa ɗaya ta salla da abinci, saura minti 420. Inji ya tsaya minti 105, ya yi aiki 315, wato kashi 75 cikin 100. A takarda yana cin tan 2 a awa, ke nan a minti 315 ya kamata ya ci tan 10.5, amma 8.4 ya ci, wato kashi 80. Cikin buhunan da suka fito kuma kashi 90 ne suka wuce ba tare da an mayar da su ba. Ninka 0.75 da 0.80 da 0.90, za ka samu 0.54. Ma'ana rabin injin da ka saya kaɗai ke yi maka aiki, ɗaya rabin yana nan kwance cikin kamfaninka, ka biya kuɗinsa tuntuni. Wanda ke kan kashi 54 ba sabon inji yake bukata ba.

Gargaɗi: mai kula da injin shi zai rubuta, a allon da ke gefensa, nan take. In ka bar wa akawu ya cike da yamma daga ka, lambobi masu kyau za ka samu, marasa amfani.

3. Zauna da ma'aikata ka yi musu alkawari

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ke kashe sauran. Da ma'aikaci ya ga maigida da littafi da agogo, abin da zai zo masa shi ne za a rage mutane. Daga ranar zai ɓoye duk wata dabara da ya sani, kuma yana da gaskiya, wa zai taya a haƙa masa rami?

Tara su bayan sallar azahar, ka faɗa da bakinka cewa babu wanda zai rasa aikinsa saboda gyaran da za a yi. In wani wuri ya koma bukatar mutum biyu maimakon uku, na ukun za a mayar da shi wani sashe ko a koya masa inji. Sannan ka cika alkawarin, domin sau ɗaya ka saɓa, shi ke nan.

Akwai misalin da masu wannan fanni ke yawan kawowa. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta motoci a Fremont ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1982, lokacin ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki da motoci masu matsala. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan, aka canza tsarin aiki, aka ba su ikon tsayar da layi in sun ga matsala. Ba a daɗe ba motocin wurin suka shiga sahun gaba a inganci cikin duk masana'antun General Motors. Mutanen dai su ne na da. Shi ya sa ba na saurin yarda in maigida ya ce mini yaransa ne ba sa ji.

4. Ware, tsara, share

Japanawa na kiran wannan 5S, don kalmomi biyar ne na harshensu masu farawa da harafin S. A aikace ga yadda yake. Zaɓi ranar da babu casa. A bi kusurwa-kusurwa, duk abin da ba a taɓa ba cikin wata uku a ɗaura masa jan ƙyalle a kai shi gefe guda: mataccen motan inji, yagaggun buhuna, tsohon raga, ganga mara amfani. Bayan mako biyu abin da ba a nema ba a sayar wa 'yan gwangwan. Sau da yawa kuɗin da za a samu ya biya fentin.

Abin da ya rage a ba shi mazauni. Kafa katako kusa da inji, a rataye sifanu da guduma da filaya, a zana siffar kowanne da fenti a bayansa, ta yadda daga nesa za a ga wanda ba ya nan. A ja layin rawaya a ƙasa, nan hanyar 'yan dako ce, nan wurin shanshera, nan wurin buhunan da aka gama. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi kan katako. Minti goma na ƙarshen kowane aiki na shara ne da goge inji, kuma mai injin ne zai goge da hannunsa, don a nan zai ga inda mai ke ɗiga da noti da ya kwance.

Gargaɗi: kada a yi wannan don baƙi na zuwa. Na sha ganin wurin da aka yi fes ranar da jami'ai za su zo, bayan kwana goma ya koma gidan jiya. Ka riƙa zagayawa da kanka duk Asabar da safe, ka ɗauki hoton wuri ɗaya daga kusurwa ɗaya, ka jera hotunan.

5. Tare matsala tun daga bakin ƙofa

A nan kuɗin yake, don haka zan ɗan daɗe. Yawancin kamfanoni sai shinkafa ta shiga buhu ake duba ta, lokacin kuwa an riga an ƙona mai, an biya lebura. Duba na farko a bakin mota ya kamata a yi shi, kafin a sauke. Soki buhuna daga sama da tsakiya da ƙasan lodi, ba waɗanda dillali ya miƙo maka ba. Auna laima. Wajen kashi 14 cikin 100 ita ce daidai da casa. In ta haura sosai ƙwayar ta yi taushi, za ta farfashe ta kuma toshe raga, ga shi ruwa ka saya da kuɗin shinkafa. In ta bushe ƙayau fiye da kima, ita ma karyewa za ta yi. Cizawa da haƙori da ake yi tun kaka da kakanni yana nuna wani abu, amma ba ya bambanta 14 da 17, kuma a wannan tazarar riba take.

In gumi kuke yi da kanku, ku kula da shanya. Shinkafar da aka turara aka baza a rana mai zafi ta bushe farat ɗaya takan tsattsage daga ciki, ido ba zai gani ba sai ta shiga inji. A busar da ita a mataki biyu, a tara ta a inuwa ta huta tsakani, a riƙa juyawa. Kada kuma a haɗa iri biyu a casa ɗaya, doguwa da gajera, domin saitin da ya dace da ɗaya zai niƙe ɗayar.

Sai ka ajiye kwalabe uku kusa da injin gogewa: ɗaya da samfurin shinkafar da ake so, ɗaya da wadda ke bakin iyaka, ɗaya da wadda ba za a karɓa ba. Ko wanda bai iya karatu ba zai kwatanta. Duk rabin awa mai inji ya ɗebi tafi guda ya duba. In ya ga ta koma irin ta kwalba ta uku, yana da izinin tsayar da inji ba sai ya nemi kowa ba.

Gargaɗi: ranar farko da wani ya tsayar da inji, kowa zai zuba ido ya ga abin da za ka yi. In ka ce masa, kai wa ya sa ka, to ka rufe wannan ƙofar har abada. Ka je wurin, ka duba tare da shi, ko da kuskure ya yi ka ce madalla da ka tsaya.

Sikelin buhu ma a duba shi kowace safiya da dutsen awo da aka san nauyinsa. Ƙarin giram 300 a buhu mai kilo 50 ba ya kama ido, amma a buhu 200 kilo 60 ke nan a rana, a kwanakin aiki 26 ya haura buhu 31 da ka bayar kyauta. In kuma ragi sikelin ke yi, haƙƙin mutane ne ke hawa kanka, ga zubewar suna a kasuwa.

6. Tambayi dalili sau biyar

Bayan mako biyu allon tsayawar inji zai cika. Haɗa mintunan kowane dalili, ka jera daga babba zuwa ƙarami. Kusan kullum za ka tarar dalilai biyu ko uku ne suka cinye mafi yawan lokacin. Ɗauki na sama kaɗai, ka tara mutanen da abin ya shafa a gaban injin, a tsaye, minti goma sha biyar.

Misali, dila ya dawo da buhu ashirin saboda tsakuwa. Me ya sa? Injin cire tsakuwa bai cire ba. Me ya sa? Ragarsa ta toshe da ƙura. Me ya sa? Ba a goge ta ba tun makon jiya. Me ya sa? Sai an kwance murfi, sifanar kuma na wurin makanike. Me ya sa babu wanda ya nema? Don ba a taɓa cewa aikin wane ne ba. Ka ga maganin ba korar yaro ba ne, sifana ɗaya ce a rataye a wurin, da suna a allo.

A irin wannan zama wani dattijo mai kula da inji ya taɓa ce wa maigidansa a gabana: "Ranka ya daɗe, ai tun bara boris ɗin nan ke kuka, ni dai ba a tambaye ni ba ne." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Doka ɗaya ce a zaman: ana tambayar me ya sa, ba a tambayar wa ya yi.

7. Kula da inji da saurin canjin kaya

Rubuta a kwali, manne a jikin kowane inji: abin dubawa kullum, na mako, na wata. Giris, ƙarfin bel, raga, matatar iska da ta man janareta. Robobin ɓare shanshera biyu ne, ɗaya ya fi gudu don haka ya fi saurin cinyewa, a riƙa musanya musu wuri don su ƙare tare. Ajiye bel da boris da roba da raga na ko-ta-kwana, in an ɗauki ɗaya a rubuta a sayo madadinsa a ranar.

Wajen canjin roba ko raga, raba aikin gida biyu: abin da za a iya yi inji na tafiya, da abin da dole sai ya tsaya. Ɗauko sabuwar robar, jera sifanu, kiran mataimaki, duk a gama su kafin a kashe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kaɗai yakan rage lokacin sosai ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Gargaɗi: kafin hannu ya shiga inji, a kashe babban makunni, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun mai gyaran. Ana dawo da wuta ba sallama. Takunkumin hanci da abin toshe kunne kuma kamfani ne zai saya, ƙurar buntu da ƙarar inji na cin lafiyar mutum a hankali.

8. Gyara yadda kake biya

In kana biyan mutane bisa yawan buhun da ya fito, kada ka yi mamaki in sun ƙi tsayar da inji don tsakuwa. Ɗora ihsanin wata kan buhunan da suka wuce ba a dawo da su ba, da raguwar karyayyiya, kuma a raba wa rukuni gaba ɗaya har da masu shara. Albashi kuwa ya fito kan lokaci, mai bin bashin wata biyu ba zai kawo maka shawara ba.

Zana jadawali, sunaye a gefe, injuna a sama, ka yi alama ga wanda ya iya me. Kowane inji ya samu aƙalla mutum biyu da suka iya shi, don kada rashin lafiya ko bikin mutum ɗaya ya tsayar da kamfani. Hukumar ITF, wato asusun horas da ma'aikata na gwamnatin tarayya, na da shirye-shiryen horar da ma'aikatan masana'antu, ka leƙa ofishinsu na jiharka.

9. Yanzu sai fasaha

Bayan wata uku kana da littafi cike da lambobi, su za su nuna maka abin saye. Fara da ƙanana: na'urar ƙirga awannin janareta, sikeli mai lamba a bakin shiga da bakin fita, hoton allo da za a riƙa turo maka ta WhatsApp duk yamma, da wani yaro da zai zuba lambobin a Excel ya fitar da na mako. Babbar manhajar kula da kaya da ciniki sai bayan takarda ta zauna daram, don abin da aka zuba wa kwamfuta shi take mayarwa. Waɗannan rubuce-rubucen kuma su ne irin abin da jami'an NAFDAC mai kula da abinci da magunguna da SON mai kula da ingancin kayayyaki ke nema in sun zo duba kamfani, kuma su ne tubalin farko in wata rana ka nemi shaidar ISO 9001, ta duniya kan tsarin kula da inganci.

Kyamara tana da amfani a ƙofa da sito. In ka kafa ta kan mai inji don ka riƙa kiransa kana faɗa daga gida, ka rushe mataki na uku da hannunka.

Babban abin da kowa ke sha'awa shi ne injin tantance launi, mai hura baƙar ƙwaya waje da iska. Yana ɗaga darajar shinkafa ƙwarai, amma yana son wuta tsayayya, da busasshiyar iska mai tsabta daga kwamfaresa, wato injin matsa iska, da shinkafar da aka riga aka cire wa ƙura da tsakuwa. In laima ko mai ya bi iskar, bakunan hurawar za su toshe ɗaya bayan ɗaya. Don haka a lissafin kuɗinsa ka haɗa da kwamfaresa, da na'urar busar da iska, da ta daidaita wuta, da horar da mutum biyu. Kafin ka biya, ɗauki buhu biyu na shinkafarka, ba samfurin mai sayarwa ba, a zuba a irin injin a gabanka, ka auna abin da ya wuce da abin da ya zubar, ka duba ƙwaya mai kyau nawa ta bi shara. Sannan ka tambaye shi sunan wanda zai zo gyara, a wane gari yake zaune, da kwana nawa kayan gyara ke ɗauka kafin su iso, a rubuta amsar cikin takardar ciniki.